Hanya ce ke zaɓen kaya

Yarona, ka ce in rubuta maka kayan da mutum zai tanada idan zai shiga daji da kwale-kwale ya yi kwanaki, kuma kana son sanin wanne za ka fara saye. Zan faɗa maka kayan, amma ba daga nan ake farawa ba. Wanda bai san inda zai bi ba, bai san kwana nawa zai yi ba, bai kuma san sanyin ruwan da zai hau ba, duk abin da ya saya caca ya yi da kuɗinsa. Saboda haka ajiye maganar saye tukuna, ɗauko taswira.

Idan ka shimfiɗa ta, idonka zai tafi kan shuɗin ruwa, kamar yadda na kowane sabon shiga yake yi. Ni kuwa inda ruwa ya yanke nake dubawa, wato tudun da ke tsakanin tafki da tafki, ko inda kogi ya yi gangara mai duwatsu da ba a bi. A nan ne za ka fito, ka sauke komai, ka ɗora jirgin a kafaɗa ka yi dakonsa zuwa ruwa na gaba. Wannan dakon shi ne alƙalin tafiyar. A dajin Boundary Waters da ke jihar Minnesota ta Amurka, inda tafkuna suka haura 1,000, taswirorinsu suna auna hanyar dako da wani tsohon ma'auni mai tsawon ƙafa 16 da rabi, wato mita 5, kusan tsawon kwale-kwale guda. Idan ka ga an rubuta 200 a gefen hanya, kilomita ɗaya ke nan a ƙafa. To ga inda lissafin mutane ke ɓacewa: idan kayanku ba su ɗauku a sahu ɗaya ba, za ku je da kaya, ku dawo hannu rabbana, ku sake komawa da sauran. Kilomita ɗaya ta zama uku. Haɗa da saukewa da sake lodi, awa guda ta tafi, wani lokaci har da ɗori idan hanyar akwai taɓo ko hawa.

Don haka kada ka riƙa lissafin tafiya da kilomita, yi da awa. Mutum biyu a jirgi mai kaya, ruwa kwance, suna cin kilomita 3 zuwa 4 a awa ba tare da sun wahalar da kansu ba. Awa biyar ko shida a rana sun isa, da dakon a ciki. Ranar farko ka rage ma, domin ba a taɓa tashi a kan lokaci ranar farko, kuma kafaɗa ba ta saba ba. Ka isa zango da sauran rana, ka kafa tanti ka dafa abinci kana ganin hannunka.

Sai iska. Ita ce ke rusa tsarin da aka zana a gida. A yawancin manyan tafkuna ruwa yakan kwanta da asuba, iska ta fara tashi da hantsi, ta yi ƙarfi bayan azahar. Girman igiyar ruwa kuma ya danganta da nisan da iskar ta yi tana gudu a kan ruwa ba abin da ya tare ta, shi ya sa iskar da ba ta dame ka a ƙaramin tafki ba za ta iya cika maka jirgi a babba. Duba taswirar ka sa alama a kan kowane babban ruwa, ka tsara yadda za ka ƙetare shi da sassafe. Inda hali ya yi, bi gaɓa, ko da hanyar ta ƙara tsawo. Kuma a cikin kowane kwana huɗu ko biyar ka ware kwana ɗaya wanda ba ka shirya masa komai ba, da guzurinsa. Ba ranar hutu ba ce, rana ce ta iska. Mutumin da dole ya fito ranar Lahadi saboda aiki na jiransa ranar Litinin shi ne yake shiga ruwan da idonsa ya gaya masa kada ya shiga. Na fi jin tsoron wannan dolen a kan hadari.

Ka kuma nemi ƙofofin fita tun kana gida: idan wani ya karye a kwana na uku, ta ina ne mafi kusa da titi? Sannan ka rubuta tsarin gaba ɗaya, inda za ku shiga, inda za ku kwana kowane dare, launin jirginku, ranar fitowa, da lokacin da idan ba a ji ku ba a sanar da masu ceto. Ka bar takardar a hannun wanda ba ya mantuwa.

Kowane daji da dokarsa, kuma dokar tana taɓa kayan da za ka ɗauka. A Boundary Waters, daga 1 ga Mayu zuwa 30 ga Satumba sai da takardar izini ake kwana, takardun kuma ƙidayayyu ne a kowace mashiga. Ayari ba ya wuce mutum 9 da jirgi 4, kuma ba a shiga da abincin gwangwani ko na kwalba. Gandun Algonquin na lardin Ontario a Kanada, wanda aka kafa a 1893, shi ma ya hana gwangwani da kwalba a cikin dajinsa. Idan fari ya yi tsanani sukan hana hura wuta baki ɗaya. Tambayi hukumar wurin kafin ka ɗaure kaya.

Yanzu mu zo ga abin da ka tambaya. Abin da za ka fara saye rigar ceto ce, wadda ta zauna maka daidai, mai faɗin hammata yadda za ka wuni kana tuƙi ba ta goge ka ba. Ga yadda ake gwada ta: ka ɗaure ta, wani ya kama kafaɗunta ya ja sama. Idan ta hau har kunnuwanka, ba taka ba ce. Kuma a jiki take zama, ba a ƙarƙashin mazauni ba. Kada ka ce min ka iya iyo. Wani masani a Jami'ar Manitoba ta Kanada, Gordon Giesbrecht, ya yi suna wajen nazarin abin da ruwan sanyi ke yi wa jikin mutum, kuma ya taƙaita shi da 1-10-1. Minti ɗaya na farko numfashi ke ƙwace maka, ka ja iska da ƙarfi ba da sonka ba, idan kuwa kanka na cikin ruwa a lokacin, ruwa ka ja. Daga nan kana da kamar minti 10 kafin yatsu da hannuwa su daina bin umarninka. Sai kimanin awa ɗaya kafin sanyi ya gusar da hankali. Duba da kyau, gwanin iyo ba ya kai wa awar nan idan babu riga, a minti goman nan yake nutsewa. Ɗaura usur a jikin rigar, ka sa laita da 'yar wuƙa a aljihunta, domin ranar da jirgi ya kife ya tafi, abin da ke jikinka kawai ka mallaka.

Sutura kashi biyu ce: ta jiƙa da ta bushe. Ta jiƙa ita kake sawa da rana, da takalmi mai rufin yatsu wanda ba ka jin ƙyashin tsoma shi a ruwa, domin a bakin hanyar dako cikin ruwa ake sauka, ba a turo hancin jirgi kan dutse don tausayin ƙafa. Ta bushe kuwa tana cikin leda a ƙulle, ba ta fitowa sai an kafa tanti, da safe kuma ta koma, ka sake zura jiƙaƙƙiyar safar jiya kana yatsine fuska. Haka ake yi. Auduga idan ta jiƙe tana riƙe ruwa tana zuƙe ɗumin jiki, don haka nemi ulu ko yadin roba. Rigar ruwan sama ta ƙwarai, sama da ƙasa, da hula mai baki.

Jirgi kuwa kada ka yi gaggawar saye, yi haya tukuna har ka san irin ruwan da ka fi bi. Na mutum biyu da kaya yakan kai ƙafa 16 zuwa 17. Na alminiyam, irin wanda kamfanin Grumman ya fara ƙerawa a 1945, yana kai kilo 34, yana jure dukan dutse, ba ruwansa da rana ko damina. Na Kevlar, wani irin zare mai ƙarfi marar nauyi, mai tsawo ɗaya da na alminiyam ɗin yakan tsaya wajen kilo 20, amma ba ya son a ja shi a kan tsakuwa. Idan hanyarka tafkuna ce da dako mai yawa, kilo 14 ɗin nan da ke tsakani za ka ji su a wuyanka kowace rana. Idan kogi ne mai duwatsu, ɗauki mai jure duka. Kowanne ka samu, duba sandar tsakiya da ake ɗora wa kafaɗa, ka tabbata tana da matashi. Filafili guda ga kowa, da ƙari ɗaya a ɗaure a jikin jirgi. Igiya a gaba, igiya a baya. Abin kwalfe ruwa da soso. Da dare a fito da jirgin tudu, a kife shi, a ɗaure shi a bishiya, ko da ba ka jin motsin ganye.

Jakar wannan aiki daban take da ta masu hawan dutse. Gajera ce mai faɗi, don ta kwanta a cikin jirgi ba ta leƙo sama da baki ba. Irin wadda Camille Poirier ya yi wa rajista a garin Duluth na jihar Minnesota a 1882 har yau ana ɗinka ta kusan yadda take. Ka zura babbar leda mai kauri a ciki, ka murɗe bakinta ka ɗaure. Jakar barci kuma a ba ta tata ledar daban, domin idan komai ya jiƙe ita kaɗai ta tsira, za ka kwana lafiya. Wajen lodi, masu nauyi a ƙasa kuma a tsakiya, jirgin ya zauna daidai a ruwa. Idan iska na fuskantarku, ɗan matsar da nauyi gaba. Idan tana bayanku, mayar da shi baya kaɗan. Abin da na fi tsana shi ne tarkace: kofi nan, takalmi can, sandar kamun kifi a wani gefe. Duk abin da ba ya cikin jaka, ko hannu zai cika da shi a hanyar dako, ko a bar shi a bakin ruwa.

Tanti mai ragar sauro, abin shimfiɗa mai tare sanyin ƙasa, da tamfol. Sababbin shiga sukan raina tamfol, alhali ranar da ruwa ya wuni yana zuba, a ƙarƙashinsa ake girki, ake shanya, ake zama a miƙe ƙafa. Ƙaramin risho da man da zai wuce lissafinka da kwana ɗaya. Abin kunna wuta kashi uku a wuri uku daban. Gatari ka bar shi gida, ƙaramin zarto mai naɗewa ya ishe ka, saran gatari a ƙafa kwana biyu daga titi ba ƙaramar magana ba ce.

Ruwan tafki komai haskensa kada ka sha shi haka, akwai ƙwayar giyardiya mai sa gudawa, wadda sau da yawa sai bayan mako ɗaya ko biyu take nuna kanta. Ka tace da matata, ko ka sa ƙwayar tsarkake ruwa, ko ka tafasa shi ya yi minti ɗaya yana ɓararraka. Guzuri busasshe, a ƙulla na kowace rana daban a rubuta a jiki. Inda akwai beyar, wata babbar dabbar daji mai bin ƙamshin abinci har zango, abinci da duk wani abu mai ƙamshi, har man goge baki, ba sa kwana a tanti. Ko dai a rufe su a gangar da aka yi don haka, ko a rataye su kamar mita 4 daga ƙasa, mita 2 daga jikin bishiya. Inda babu ban ɗaki, rami mai zurfin santimita 15 zuwa 20, aƙalla mita 60 daga ruwa.

Taswirar takarda guda biyu, a hannun mutum biyu, cikin leda mai haske, da kamfas. Taka tana gabanka a buɗe kana tuƙi, yatsanka a kan inda kuke, domin daga cikin jirgi tsibiri da gaɓa duk haɗewa suke yi su zama layi ɗaya na bishiyoyi. Waya mataimakiya ce kawai, batir na mutuwa, sabis kuma babu. Idan za ka yi nisa, nemi na'urar kiran ceto mai aika saƙo ta tauraron ɗan'adam a kan zangon megahaz 406, ka yi mata rajista da sunanka. Akwatin taimakon gaggawa wanda ka san amfanin duk abin da ke cikinsa, tocilar goshi, da salatif mai ƙarfi na liƙe jirgi. Idan ka ji tsawa, fita daga ruwa, kada ka koma sai an yi minti 30 da ta ƙarshe.

Idan ka haɗa duk wannan, sauran gwaji biyu kafin in yarda ka ja wani zuwa daji. Na farko, ka ɗaure kayan kamar yau ne tafiya, ka ɗauki jaka da jirgi ka yi rabin kilomita da su. Abin da ya kamata a bari a gida zai nuna kansa kafin ka kai ƙarshe. Na biyu, kai da abokin tuƙinka ku sami ruwa marar zurfi kusa da gaɓa a rana mai ɗumi, ku sa rigunanku, ku kifar da jirgin da gangan. Ku gwada juya shi, ku kwalfe ruwan, ku hau daga ɓangarori biyu a lokaci guda, ɗaya na danne wa ɗaya. Ku maimaita har sai kun daina yi wa juna ihu, sannan ku sa jakunkuna a ciki ku sake.