Yaushe ake shuka kabewa a wajen Kumasi?

Malam, ka ce ka samu ɗan fili a hanyar Ejisu, kana tambaya yaushe za ka shuka kabewa, ko za ta kai ka samu na kaiwa kasuwa. Za ta kai, in ka bi lokacinta.

A nan damina biyu gare mu: babba daga Maris zuwa Yuli, ƙarama daga Satumba zuwa Nuwamba. Mu a gidanmu ƙaramar muka fi so, domin kabewa na ɗaukar wata uku zuwa huɗu, sai ta nuna daidai shigowar hunturu, ƙasa a bushe. Shekarar da muka shuka a Afrilu, ruwan Yuni ya ruɓar mana da kusan rabi. Har yau ina ganin mahaifiyarmu tana juya su ɗaya bayan ɗaya, gindinsu ya yi baƙi.

Ka bar taku biyu manya tsakanin rami da rami, ka zuba kashin kaji wanda ya huce, iri uku a kowane rami. Furen farko namiji ne, zai zube, kada hankalinka ya tashi. Kuma don Allah kar ka yi feshi da safe, lokacin ne ƙudan zuma ke aikinsu. Da 'ya'yan sun fara girma, sa musu busasshiyar ciyawa a ƙasa.

In farce ya kasa huda ɓawon, ta nuna. Yanke da kututturenta, ka shanya kwana goma. Masu miyar taushe a unguwannin Aboabo da Asawase za su saya, ba sai ka shiga cunkoson kasuwar Kejetia ba.