Wai gwamnati na wani abu kan rage ɓarnar wuta a Arewa?

Malam, ka tambaya ko gwamnati na taɓuka wani abu kan tattalin wutar lantarki a yankinmu ko duk surutu ne a rediyo. Gaskiya akwai abin da aka yi, sai dai bai taka kara ya karya ba.

Hukumar REA, ta gwamnatin tarayya mai kai wuta karkara, ta sa wa Jami'ar Bayero sola mai megawat 7.1 a 2019, haka ma ƴan kasuwar Sabon Gari a Kano an ja musu wutar sola shago-shago, wanda ya san ƙarar janareto da hayaƙin da ake sha a layukan nan da rana tsaka ya san ba ƙaramin abu ba ne. Amma ni a ganina mita ita ce maganar. A 2020 aka fara rabon mita kyauta, kuma duk gidan da aka sa wa mai kati za ka ga har yara sun koyi kashe fanka in za su fita, shi kuwa wanda ake kawo wa bil na ƙiyasi me zai dame shi, ƙwan ƙofar gidansa ma kwana yake ya wuni a kunne tunda kuɗin ɗaya ne. Ga shi har yau unguwanni da yawa ba mitar.

Tun da aka kai ƴan Band A, wato rukunin da aka fi ba wuta a rana, naira 225 kowane yunit a Afrilun 2024 mutane suka shiga taitayinsu. Kai dai kar ka jira kowa, cire ƙwan nan mai zafi mai wat 60 ka sa LED mai wat 9, haskensu kusan ɗaya. Hita da ayan su ne masu shanye kati, a nan za ka sa ido.