Ƙarar ƙas-ƙas a ƙafar gaba in an karya kwana: yadda ake canza kuros ɗin aksil

TAMBAYA: Assalamu alaikum Oga. Daga wajen Auyo nake, ina da akori-kura Dodge Ram 1500 ƙirar 1999 mai fowil, gwanjo na saye ta, da ita nake kwaso shinkafa daga fadama. Tun da damina ta wuce in na karya kwana sosai sai in ji ƙas-ƙas-ƙas a ƙafar gaba ta ɓangaren direba, wani lokacin har sitiyari ya riƙa fizgar hannuna. Bakaniken garinmu yace kuros ne, amma shi Hilux ya saba taɓawa, wai ko dai a zare shaf ɗin gaba ɗaya in riƙa tafiya da ƙafar baya kawai. Dan Allah ya ake canza shi, kuma shawarar tasa tayi?

AMSA: Wa alaikumus salam Alhaji, sannu da ƙoƙari. Bari in fara da shawarar nan tunda ita ce zata iya cin rai, kar ka yarda a zare maka shaf, wato sandar da ke juya taya, a bar hob, wato ƙarfen da ake ɗaure taya a jikinsa, haka nan. A motarka guntun shaf na waje da babban notin nan na tsakiyar taya su ne suka matse boris ɗin hob wuri ɗaya, in babu su boris ɗin zai iya rabewa biyu kana cikin tafiya, taya ta kama gabanta ta bar ka da buhunan shinkafa a hanyar Hadejia. Ban ga laifin bakanikenka ba, ai ya faɗi gaskiya da yace bai saba ba, wani da tuni ya sa guduma.

Abin da ya sa ya ruɗe shine ƙirar ba ɗaya bace. Land Cruiser da tsohuwar Hilux mai sandar aksil a gaba, gaɓarsu a rufe take cikin wani ƙoƙon ƙarfe cike da giris, ƙwallaye shida ne a ciki, Birfield ake ce mata. Sabuwar Hilux kuma shaf ne mai roba kamar na ƙananan motoci. Taka kuwa aksil ɗin Dana 44 ne na Amurka, gaɓar a buɗe take, in ka karya sitiyari ka leƙa bayan taya zaka ga kuros ɗin ƙiri-ƙiri, ƙarfe mai hannu huɗu, kowane hannu da kofinsa, cikin kowane kofi allurai ne siri-siri a jere a tsaye. Shi ke ba shaf damar lanƙwasawa lokacin da taya ta juya hagu ko dama. Kuma ita wannan motar bata da makullin nan na tsakiyar taya da ake murɗawa da hannu, saboda haka ko ka sa fowil ko baka sa ba kuros ɗin yana juyawa muddin taya na juyawa. Toh ka haɗa wannan da ruwan fadama da taɓo da yashin ƙasar Hadejia, ruwa ya ratsa robar kofi ya wanke giris, rani ya zo ya busar, allurai su koma gari.

Kafin ka kashe ko sisi ka tabbatar tukunna. A ɗaga ƙafar da jak, a karya sitiyari har ƙarshe, ka juya tayar da hannu, in kaji tana cijewa tana saki, wannan alama ce. Sannan ka zura liba tsakanin kunnuwan shaf ɗin, wato ƙarafan da suka riƙe kofunan, ka ɗan ɗaga sama da ƙasa, lafiyayyen kuros ko motsi ba ya yi. Abin da ni nafi yarda da shi ma shine jan garin tsatsa a bakin kofi, kamar an barbaɗa garin jan bulo, in ka ganshi ba sai an kira kowa ba, ya mutu. Tunda mota na sama a kama taya ta sama da ƙasa a girgiza, don boris da bol-jon, wato gaɓar da ƙafa ke juyawa a kanta in an karya sitiyari, su ma suna ƙara, kar a canza abu ɗaya a bar ɗan uwansa. A duba kuros ɗin furofela na gaba shima, wato sandar da ke kawo juyi daga giya zuwa aksil, amma shi ba ruwansa da kwana, kakkarwa yake kawowa ƙarƙashin kujera.

Wajen saye kuwa kar ka aiki yaro da baki kawai yace kuros ɗin Dodge, na furofela za a bashi. Lambar na Spicer ita ce 5-760X, faɗin kofinsa wajen milimita 30, kuma kilif ɗinsa mai hana kofi ficewa ta ciki yake shiga, wato tsagar tana wajen bakin kofi ba a bayansa ba. Ni dai shawarata a fara cire tsohon a ɗaure a leda a tafi da shi Ƙofar Ruwa a Kano a gwada ido da ido, mota ce da ta wuce shekara ashirin, baka san abin da masu ita na baya suka sauya ba. Kuma ka sayi biyu. Tare suka sha ruwan nan, na ɗaya ɓangaren ma yana hanya. Akwai kuros mai kan da ake dura giris akwai marar kai, duka suna aiki, mai kai yana da daɗi ga mai shiga ruwa in har zai riƙa dura masa giris bayan kowace shiga, amma in kasan kai irin mu ne masu mantuwa ka ɗauki rufaffen mai kyau ka huta.

Toh aikin kansa. A sami wuri mai tauri, ba kan rairayi ba, a sa duwatsu gaba da bayan tayoyin baya. Tun taya na ƙasa a zare fin ɗin babban notin tsakiya a sassauta shi, soket 43 ke kama shi kuma sai an ƙara bututu a hannun sifana don yana da taurin kai. Sannan a ɗaga, a tokare aksil da sitan ko kututture mai kauri, dan Allah kar wanda ya zura jikinsa mota na kan jak kaɗai. A bar ɓangaren da ake aiki ya ɗan fi ɗayan tsawo don kar man aksil ya biyo bututu ya zubo. A cire taya, a cire birki a rataye shi da waya a jikin sifirin, kar a bar shi yana lilo da tiyonsa, a zare faifan birki, in akwai wayar ABS, na'urar hana birki kulle taya, a hob a cire ta a hankali.

Daga nan sai hob, nan ne ake zufa. Kusoshi uku ne suka riƙe shi ta baya, kansu mai tsini goma sha biyu ne, in aka sa soket ɗin da ba nasu ba za a cinye kan ne a shiga wata wahalar. Ko an kwance su hob ɗin ba zai fito da daɗi ba don tsatsa ta riga ta aurar da su. A jiƙa shi da kalanzir ko gas tun daren jiya in da hali. Dabarar da muke yi, sai mu mayar da kusoshin rabi, mu ɗora tsohon soket a kansu mu riƙa bugawa ɗaya bayan ɗaya, hob ɗin na turowa kaɗan kaɗan. Abin da ba a yi shine dukan fuskar hob ko janyo shi ta gaba, boris ɗin zai buɗe, kuma kuɗinsa ya ninka na kuros nesa ba kusa ba. Haka kan shaf mai zaren noti, ba a dukansa.

In hob ya fita sai a zaro shaf, amma a tallafe shi da hannu biyu ya fito a miƙe. Can ciki kusa da tulun giya akwai sil mai tare mai, in ka ja shaf ɗin yana jan ciki haƙoransa suka yage sil ɗin nan, toh ka sayo aiki, don canza shi sai an buɗe tulun an fito da kayan ciki. Na ɓangaren direba gajere ne, yafi sauƙi. Na ɓangaren fasinja akwai wata mahaɗa a tsakiyar bututu wadda iskar inji ke turawa in ka sa fowil, shi wajen mayarwa sai an lallaɓa an juya har ya faɗa.

Yanzu ka shimfiɗa buhu mai tsabta, kar ka yi aikin nan a ƙasa tsirara, balle lokacin da iskar hunturu ke tashi da ƙura. A kankare taɓo a nemo kilif huɗun nan masu kama da lauje, a buge su da sukudireba, sau da yawa tsatsa ta binne su sai an tona. In an bar ko ɗaya a ciki sai dai a yi ta duka a banza har kunne ya lanƙwashe. Da bais, wato matsewar ƙarfe ta kan tebur, ake matse kofi ya fita, ƙaramin soket yana turawa ta nan babba yana tarba ta can. In babu bais a ƙauye a ɗora hannuwan kuros a kan ƙarfe biyu a bugi kafaɗar shaf ɗin, wurin mai kauri, ba bakin ramin ba, kofin zai taso sama da kansa. Bayan an cire a duba ramukan kunnuwan da kyau. In rami ya zama kamar ƙwai, ko sabon kofi yana shiga da yatsa ba tare da an matsa ba, shaf ɗin ya tashi aiki, kar mai walda ya ce zai ɗiga maka wuta ya riƙe, sabon kuros ɗin zaka ƙone kawai. In lafiya lau ne a goge da samfefa sama-sama, a share tsagar da kilif ke kwanciya.

Wajen sa sabon ne ake gane wa ya iya. A cire kofunan a hankali, kowanne a san hannun da ya fito, a ɗan ƙara giris don allurai su manne a bango. A fara tura kofi ɗaya kaɗan, a zura hannun kuros a cikinsa tukunna kafin a ci gaba da matsawa, hannun ne ke tare allurai kar su faɗi. Wannan ni na koye shi da kuka. Ina yaron gareji maigidana ya bar min irin wannan aikin ya tafi sallar la'asar, kofi ya ƙi ƙarasawa saura kamar kaurin farce tsagar kilif ta bayyana, nace ai guduma zata gyara, na ɗaga na sauke, sai ji nayi ɗas, bayan kofin ya fashe kamar kwalba. Da muka zaro sai ga allura ɗaya tal kwance a gindi, ta karye uku. Ranar mai mota a garinmu ya kwana, ni kuma kunnena ya sha murɗa. Saboda haka in kaga tsaga ta ƙi fitowa, kar a ƙara ƙarfi, a zare a duba, allura ce ta kwanta. A sa sababbin kilif ɗin da suka zo cikin kwali, a tabbatar kowanne ya zauna har ƙasa. In an gama zaka ji gaɓar ta yi tauri, sai a ɗan ƙwanƙwasa kafaɗun da guduma sau biyu uku, zata saki ta riƙa lanƙwasa sumul ta kowane ɓangare.

Kafin a mayar a ɗaura tsumma a kan sanda a share cikin bututun aksil, ana janyo dattin waje ba tura shi ciki ba, zaka sha mamakin taɓon da zai fito. A shafa mai a haƙoran shaf, a ɗaga kansa ya wuce sil ba tare da ya tokare shi ba, a juya har ya shige. A goge mazaunin hob a shafa giris don wanda zai kwance nan gaba ya sa maka albarka. Babban noti ɗaurinsa 175 ne a ma'aunin fam na sifanar awo, in ramin fin bai daidaita ba a ƙara ɗaurewa kaɗan, ba a sassautawa, kuma fin sabo, ba ƙusa ba. A duba man aksil a cika, in ya koma kalar koko ruwa ya shiga, a juye a zuba sabo. Kafin mota ta motsa a taka birki sau da yawa har ya yi tauri.

Wani abu kuma Alhaji, fowil ɗin motar nan na yashi da taɓo ne, da ka hau kwalta ka cire shi. In ka barshi a kwalta ƙafar gaba da ta baya suna ja-in-ja a kowace kwana, kuma kuros ne ke shan wahalar. Har zuwa lokacin da za a gyara ka rage lodi, ka daina karya kwana har ƙarshe, kuma kar ka sa fowil, don in kofi ya fice ana cikin ja kunnuwan shaf na hawa kan juna su fasa, wani lokacin har su ture bol-jon. Ka nuna wa bakanikenka wannan bayanin ku yi tare, wanda ya iya kwance Birfield wannan ba zai gagare shi ba, in kayan aiki sun haɗu tsakanin hantsi da la'asar kun gama ɓangare biyun, sai dai in hob ya yi gardama.