Amsar tambayar nan ta 'yan Shoshone

Salamu alaikum 'yan gurup. To ɗan'uwanmu da ya tambaya wai ko Shoshone maciji yake nufi, a'a malam, ba haka ba ne, tsaya ka ji. Su mutanen nan 'yan asalin Amurka ne tun kafin Bature ya leƙo, suna nan har gobe a Wyoming da Idaho da Nevada da Utah, kuma su da bakinsu Newe suke ce wa kansu, wato mutane, shi ke nan. Shi Shoshone abin da aka fi faɗa daga kalmarsu ta sosoni ya fito, doguwar ciyawa, don wasunsu da ciyawa suke saƙa bukkokinsu. Zancen macijin kuma daga maganar hannu ya taso, in ƙabilun yankin za su nuna su sai su riƙa lanƙwasa hannu yana tafiya, Turawa suka gani suka ce ai maciji ne, suka laƙaba musu Snake, har kogin da ya ratsa Idaho ya kwashi sunan. Kamar dai yadda muke ce wa Kanuri Barebari ne, maƙwabci ya raɗa maka suna ya bi ka.

Amma ni wallahi Comanche ne ke ba ni mamaki, kowa ya ɗauka wata ƙabila ce daban alhali asalinsu reshen Shoshone ne, wajen ƙarshen shekarun 1600 suka balle suka yi kudu, dawakin da Sifaniyawa suka kawo suka shigo hannunsu, kafin ka ce kwabo sun zama dodon Texas, kuma har yanzu yarukan biyu kusan ɗaya ne. Doki fa! Ita ma Sacagawea da hotonta ke kan tsabar dala ɗaya ta Amurka da aka fara bugawa a shekarar 2000, 'yar Shoshone ce, da ta raka Lewis da Clark, jagororin tawagar binciken yammacin Amurka, a 1805 ai a wajen ɗan'uwanta sarki Cameahwait aka samo dawakin da aka haye duwatsu da su, ba don haka ba da sun... to bar wannan.

Yaren Shoshone dai dangin na Aztec, mutanen tsohuwar daular Mekziko, ne ta nesa, kuma yanzu galibi tsofaffi ke jin sa sosai, don an yi zamanin da ake kwashe yara a kai makarantun kwana a hukunta duk wanda ya yi yarensu. Kuma don Allah a daina turo mana abu ba a duba ba, wannan na macijin ma haka aka turo shi.