Amsoshin Tambayoyinku: Sa Katin Banki a Shafin Sayar da Waƙoƙi

Tambaya: Wani mai karatu daga Mabera a Sakkwato ya ce ya sami shafin da ke sayar da tsofaffin waƙoƙin makaɗan fada da sababbi a farashi mai rahusa, amma babu alamar mawaƙan sun ba shafin izini. Yana tambaya ko ya sa katinsa na ATM.

Amsa: Malam, kada ka sa. Rashin izini shi kaɗai ba ya nufin za a kwashe maka kuɗi, to amma wanda ke sayar da kayan da ba nasa ba ɓoye kansa yake yi. Ba adireshi, ba sunan kamfani, yau yana nan gobe ya canza suna. Dokar Haƙƙin Mallaka ta 2022 ta ba da damar a sauke irin waɗannan kaya daga intanet, kuma ranar da shafin ya ɓace, wa za ka kama?

Abin lura shi ne wanda zai ga lambobin katin. Shagon kirki yakan tura ka wurin kamfanin karɓar kuɗi irin su Paystack, Flutterwave ko Interswitch, su ke riƙe lambobin, mai shagon ba ya ganinsu. Idan kuwa shafin da kansa ya buɗe maka gurbin rubuta lambar kati, ranar ƙarewarsa da lambobi ukun nan na baya, ka miƙa masa komai ke nan. Akwai shagunan ƙetare da ke cire kuɗi da waɗannan kaɗai, ba tare da OTP, wato lambar tabbatarwa da banki ke turowa, ya shigo wayarka ba. Alamar kwaɗo da ke gefen adireshin shafi ma kada ta ruɗe ka. Tana nuna ba a leƙen saƙonka a kan hanya, ba ta ce wanda ke karɓa mutumin kirki ne ba. Ɓarayi ma suna da ita.

In waƙa kake so, ga Boomplay da Audiomack da YouTube, ga Spotify da ta shigo Najeriya a 2021. Ana iya saurare kyauta in za ka jure talla. Su ma masu turi na Babbar Kasuwa, duk da yawanci ba su da izinin, kuɗin hannu suke karɓa, ba su san lambar katinka ba.

Tambaya: Wata baiwar Allah daga Runjin Sambo ta ce sau ɗaya ta biya a irin wannan shafi, amma duk wata sai ta ga alat an cire mata kuɗi.

Amsa: Hajiya, sun ajiye katin ne suna cirewa da sunan kuɗin wata-wata. Ki toshe katin yau, ta manhajar bankinki ko lambar USSD ɗinsa, ki karɓi sabo. Sannan ki rubuta wa bankin ƙorafi, ki haɗa da alat ɗin, ki karɓi lambar ƙorafin. Idan mako biyu suka wuce ba a warware ba, kina da damar kai ƙara sashen kare masu hulɗa da bankuna na Babban Bankin Najeriya. Duk wanda ya kira ki yana cewa zai dawo miki da kuɗin in kin faɗa masa OTP ko BVN, ki kashe wayar. Nan gaba ki ware asusu guda na sayayyar intanet, ki riƙa sa masa daidai abin da za ki kashe.