Amsa kan fitilu da na'urorin gida masu yawan katsewa

Malam, ka ce fitilunka da na'urorin gano motsi masu aiki da Zigbee (tsarin sadarwa marar waya da na'urorin gida ke amfani da shi) suna katsewa lokaci zuwa lokaci, kana tambaya ko sauya su ne mafita. A ganina kada ka yi gaggawar sayen sababbi, domin galibi matsalar tana cikin tsarin sadarwar ne.

Zigbee da Wi-Fi duka suna aiki a zangon 2.4 GHz, saboda haka idan tashoshinsu suka haɗu, siginar Wi-Fi mai ƙarfi takan danne ta Zigbee. Ka tsayar da rauta, wato na'urar da ke ba da Wi-Fi, a tasha 1, 6 ko 11 maimakon barinta tana zaɓa da kanta, sannan ka sa Zigbee a tashar da ta yi nisa da ita, kamar 25 idan rauta tana kan 1. Haka kuma, idan cibiyar Zigbee ɗinka, wato na'urar da ke sarrafa sauran, ƙaramar na'ura ce da ake maƙalawa a kwamfuta, ka nisanta ta daga kwamfutar ta hanyar amfani da doguwar igiyar USB, domin mashigar USB 3.0 tana fitar da hayaniyar rediyo da ke raunana siginar.

Abin da mutane suka fi sakaci da shi shi ne, galibin na'urorin Zigbee da ke jone da wutar lantarki su ne suke miƙa saƙo daga wannan zuwa wancan, masu batir kuwa ba sa yin haka. Duk lokacin da aka kashe fitila daga makunnin bango, an yanke hanyar da wasu na'urori suka dogara da ita. Ka sanya soket biyu ko uku masu Zigbee tsakanin cibiyar da ɗakunan nesa, ka bar su a kunne kullum, sannan ka sake haɗa na'urori masu batir da cibiyar a inda za su zauna.