Hukuncin cire kaso daga kuɗin da aka tara wa makafi

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗan kasuwa ne a Kano. Na sa kaina jagorantar wasu matasa, muna zaga kasuwanni da bakin titi muna tara wa makafin unguwarmu taimako. Ni ba na taɓa ko kwabo, amma muna cire kashi 10 cikin 100 mu raba wa matasan. Ya halatta?

Amsa: Wa alaikumus salam. Allah ya saka maka da alheri, ɗan'uwa. Nema wa mabuƙaci taimako aikin lada ne, babu saɓani a kansa. Kason da kuke cirewa shi ne ya sauya hukuncin.

Akwai masu halatta shi, suna kafa hujja da rabon da Alƙur'ani ya ba ma'aikatan zakka. Wannan ƙiyasi bai tsaya ba. Ma'aikacin zakka shugaba ne yake naɗa shi, shi kuma yake yanka masa ladan wahalarsa, alhali ku ku kuka naɗa kanku, kuka kuma yanka wa kanku. Sannan ayar a kan zakka ta sauka, abin da ke hannunku kuwa sadaka ce ta ganin dama, wadda ake bin nufin mai bayarwa a cikinta. Wanda ya miƙo naira 500 saboda an ce masa ta makafi ce, bai ba ku izinin karkatar da 50 ba. Ku wakilai ne, kuɗin amana ne. In aka ce matasan ma talakawa ne, sai mu ce ba da sunansu aka roƙa ba.

Mafita ita ce ku bayyana wa jama'a kason kafin su bayar, ko ka samo wani mai hali ya ɗauki nauyin abinci da kuɗin motar matasan daban. Abin da aka riga aka cire, ku lissafa ku mayar, sai dai in makafan sun yafe da daɗin rai.

Ina kuma jan kunnenka: kada ku riƙa jan makaho a gaba don a tausaya, domin zubar masa da mutunci ne, kuma dokar kare naƙasassu da aka sa wa hannu a 2019 ta hana. Ku nemi izinin hukuma, tunda Kano ta hana bara a titi. A ƙirga kuɗin gaban shaidu biyu, a rubuta. Da za ka ji shawarata, ka fara kai su asibitin ido a duba su, domin wasunsu yanar ido ce kawai, wadda aiki ke cirewa mutum ya koma gani. Allah ne mafi sani.